Hasken yamma a kan dawakin Ayislan: kyamara ce, gyaran hoto ne, ko ƙasar ce haka?

MaiHoton_Dala:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya kwana biyu yana ci mini tuwo a ƙwarya, na ce bari in kawo shi gaban manya. Shekara shida ke nan ina ɗaukar hoton dawaki, yawanci a hawan Sallah, da kilisa, da hawan angwanci. Kwanan nan na yi ta kallon hotunan dawakin ƙasar Ayislan da ake ɗauka da yamma a watannin Yuni da Yuli. Doki uku ko huɗu tsaye a fili, ba sirdi ba linzami, duwatsu a bayansu, haske ya biyo ta gefe ya kama gezarsu kamar an kunna mata wuta, inuwarsu ta miƙe a kan ciyawa ta yi tsawon kunya guda. Hasken ba ja ba, ba rawaya ba, sai ka ce zuma aka zuba wa ƙasar. Sau biyar ina fita bayan gari da dokin abokina da la'asar sakaliya don in samu irin wannan. Ko dai hasken ya yi kau ya ƙone bayan dokin, ko kuma kafin in gama saita kyamara an kira magariba. Don Allah, kyamarar tasu ce ta fi tamu, ko gyara ne a kwamfuta, ko kuwa akwai wani abu a ƙasar da babu shi a nan?

Bakatsine_Foto:
Wa alaikumus salam. Gyara ne, ɗan'uwa, kada ka wahalar da kanka. Ka buɗe manhajar gyaran hoto ta Lightroom ka ƙara ɗumin launi, ka ɗaga inuwa, ka ga ko ba ka samu zumar taka ba. Ni ma ina yi wa hotunan amare.

Malamin_Jogirafi:
Malam Bakatsine, a nan kam ban bi ka ba. Launi ana iya ƙara shi a kwamfuta, amma inuwa mai tsawo da hasken da ya shigo ta gefe, ba a shafa su da hannu. Amsar tana sama, a hanyar da rana ke bi.

Kano tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya. Reykjavik, babban birnin Ayislan, yana digiri 64. A wajenmu rana tana gangarowa ne kusan a tsaye, kamar guga a rijiya. Daga lokacin da ta rage digiri 6 a saman ƙasa, wanda shi ne lokacin da haskenta ke yin laushi ya yi ja, zuwa faɗuwarta, rabin awa ne ko ƙasa da haka. A can kuwa a karkace take sauka, tana bin gefen sama kamar mai neman hanya. A wajen 21 ga Yuni, tana kai wannan digiri 6 ɗin da misalin ƙarfe goma na dare, ba ta faɗuwa sai sha biyu. Ta faɗi ma ba ta nisa, digiri biyu da rabi kawai take nutsewa, sama na nan da haske, sai ta sake fitowa kafin ƙarfe uku, ta ƙara yin wata awa biyun tana rarrafe. Ka haɗa lissafi, kusan awa bakwai ke nan. Abin da kake kora a guje cikin minti ashirin da biyar, su a zaune suke cinsa har su gaji.

Dalilin jan kuwa, idan rana ta yi ƙasa, haskenta yana ratsa iska mai kauri kafin ya iso, shuɗin cikinsa ya watse a hanya, ja da rawaya su rage. Wannan ɗaya ne a ko'ina. Bambancin tsawon lokaci ne.

Ummu_Haidar:
Ikon Allah. Wato can ne ƙasar da aka ce rana ba ta faɗuwa wata shida?

Malamin_Jogirafi:
A'a Hajiya, wata shida sai a can ƙuryar duniya ta arewa da ta kudu. Kusan duk Ayislan tana ƙasa da layin da ake kira da'irar Aktik, wanda ke wajen digiri 66 da rabi. Wani ɗan tsibiri nasu mai suna Grímsey ne layin ya ratsa. A Reykjavik rana tana faɗuwa kullum, duhu ne kawai ba ya samun shiga a tsakiyar bazararsu. Duk abin ya samo asali ne daga karkacewar duniya da digiri 23 da rabi.

Bakatsine_Foto:
Na karɓi gyara a kan inuwa, Malam. Amma ban janye duka ba. Da yawa daga hotunan da ke yawo an cika musu gishiri, za ka ga farin doki ya koma kalar lemo, ciyawa ta yi kore kamar fenti. Wanda ya saba da aikin yana ganewa.

Baƙo_A_Arewa:
Bari in sa baki, tunda Allah ya sa na ga abin da idona. Karatu ya kawo ni Norwe, kuma bara a ƙarshen Yuni na tsallaka Ayislan na yi kwana tara, huɗu daga ciki a yankin Skagafjörður da ke arewacin ƙasar, wanda ya yi suna wajen kiwon dawaki. Can ne ma jami'ar Hólar take, inda ake karatun doki da hawa har a ba mutum digiri.

Abin da Malam ya lissafa haka yake, kuma a arewa ya ma fi haka, don rana kusan ba ta ɓuya, sai dai dutse ya tare ta. Daren da ba zan manta ba, na ajiye mota a wani wurin tsayawa da misalin sha ɗaya saura. Bayan waya akwai garke, za su kai goma sha biyar, goɗiyoyi da 'ya'yansu. Ba kowa, ba ƙarar komai sai iska da kukan tsuntsaye, don su ma ba sa barci. Na durƙusa a jikin shingen na sa rana a bayan dawakin, ɗan gefe kaɗan. Gezarsu ba irin ta namu ba ce, cunkus take, tana rufe musu ido, iska kuma ba ta barinta ta kwanta. To duk silin gashin da ya tashi sai haske ya kama shi shi kaɗai. Wata goɗiya mai ruwan ƙasa da farar geza ta ɗaga kai, sai na ga har gashin haɓarta yana ƙyalli, numfashinta yana fita kamar hayaƙi. Na ɗauka, na duba, na gyara, na canza madubi, na koma wani gefen, na dawo, hasken yana nan inda na bar shi. A nan ne jikina ya yi sanyi, don hannuna ya saba da rawar sauri irin ta gida.

Amma kada a ɗauka daɗi ne zalla. Abin da suke kira bazara, zafin rana bai cika wuce digiri 12 ko 13 ba, da dare kuwa ya fi asubahin hunturunmu cizo. Yatsuna sun ƙage. Kuma cikin kwana tara, dare uku kawai na samu rana. Sauran duk hadari ne da yayyafi, sama ta yi toka-toka. Hotunan da kuke gani, na wanda ya jira ne.

Matsala ta biyu ita ce dawakin ba sa tsoron mutum. Kana son su tsaya can nesa su shiga cikin faɗin ƙasar, su kuwa sai su taho gaba ɗaya su jeru a gabanka. Wani duƙushi ya sa hanci a madubin kyamarata ya huce, gilashin ya yi hazo, ya koma yana tauna igiyar jakata. Sai da na zauna shiru kusan minti arba'in, suka gaji da ni suka koma kiwo, sannan na samu hoton da na je nema.

MaiHoton_Dala:
Allahu Akbar. Yaya, ka sa na ji kamar ina wurin. Wane saiti ka yi amfani da shi?

Baƙo_A_Arewa:
Madubi mai janyo nesa, na milimita 70-200, ne yawanci, don yana janyo dutsen ya matso bayan dokin. Idan suna tsaye shota, wato saurin ɗauka, 1/500 na daƙiƙa, idan sun fara guje-guje 1/1000 zuwa sama, ISO kuwa, wato ƙarfin jin haske na kyamara, ina barinsa ya hau har 800 ko 1600 bayan rana ta shige bayan dutse. RAW nake ɗauka, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba. Abu biyu da suka fi muhimmanci: saitin launi na cire shi daga otomatik na sa shi a na hasken rana, don otomatik yana ganin jan nan kamar kuskure ne sai ya wanke shi. Sannan ina rage haske kaɗan don kada gezar ta ƙone. Jikin dokin ya yi duhu ba komai, ana iya ɗago shi daga baya, amma abin da ya ƙone ya tafi.

Alhaji_Na_Barga:
Yara, ina ta karanta ku. Shekarata sama da arba'in ina cikin barga, kuma ɗana ya nuna mini hotunan nan a waya. Zan faɗi gaskiyata. Ƙasar tana da kyau, hasken yana da kyau, amma waɗannan ai kurun dawaki ne, gajeru masu tumbi, gashi buzu-buzu ba wanda ya taje. Kuma tsirara suke. Doki a wurinmu kyansa yana fitowa ne idan an ɗaura masa sirdi, an sa jalala, an ɗaura ɗan ƙirji, mahayi ya zauna daram ya ja linzami wuyansa ya tanƙwaru. Dokin da ke yawo a jeji ba mai shi, me za a kalla a jikinsa?

'Yar_Mambila:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma ni abin da ya ja ni a hotunan shi ne rashin adon. A hoton hawa, rawani da alkyabba da tunjimi kake kallo, dokin ya zama kujera. A nan kuwa dokin kake gani, da ƙasar da yake ci daga gare ta.

Baƙo_A_Arewa:
Ranka ya daɗe Baba Alhaji, gajeru ne kam, tsayinsu a kafaɗa bai cika wuce santimita 140 ba. Sai dai mutanen ƙasar ba sa yarda a kira su kuru, doki suke cewa, kuma yana ɗaukar ƙaton mutum ya yini da shi a kan duwatsu. Gyara ɗaya zan yi da izininka: ba na jeji ba ne, kowanne da mai shi. A arewa ana sakin wasu su hau tudu su yi kiwo duk bazara, a ƙarshen Satumba a tattaro su a ware wa kowa nasa. Taron da ya fi suna shi ne na Laufskálarétt, a nan Skagafjörður ɗin.

Asalinsu kuwa, mutanen da suka fara zama a tsibirin ne suka zo da su a jiragen ruwa, a ƙarni na 9 da na 10. Yau doka ta hana shigo da kowane doki ƙasar, kuma wanda aka fitar, ko gasa ya je, ba ya dawowa har abada. Ko tsohon sirdi ba a yarda ka shigo da shi, saboda tsoron cuta. Akwai kuma tafiyar da na san za ta burge ka, suna kiranta tölt. Tana da sauri kamar sassarfa, amma kullum akwai ƙafa a ƙasa, mahayi ba ya jijjiga, har sukan riƙe kofi cike a hannu don nuna gwaninta.

Alhaji_Na_Barga:
To wannan magana ce. Dokin da ba ya jijjiga mahayi, doki ne. Ka turo mini bidiyon tafiyar in ga yadda yake ajiye kofato. Amma batun tsiraici ina nan a kan bakana.

Ustaz_Gwale:
Ku yi haƙuri zan ɗan karkata. Ɗan'uwa Baƙo, tun da ka ce sha ɗaya na dare rana na sama, hankalina ya tafi kan salla. Yaya kuka yi da magariba da isha'i da asuba?

Baƙo_A_Arewa:
Ustaz, tambayar da kowa ke yi mini ke nan a gida. A Reykjavik magariba tana da lokacinta, tunda rana tana faɗuwa, wajen sha biyun dare. Isha'i da asuba ne matsala, don shafaƙi ba ya ɓacewa har rana ta sake fitowa. Musulmin can wasu suna ƙaddarawa da gari mafi kusa da alamomin ke bayyana, wasu suna bin lokacin Makka, wasu suna haɗa magariba da isha'i. Ni na bi jadawalin da 'yan'uwa na can suka ba ni.

Ustaz_Gwale:
Madalla. Asalin ƙaddarawar yana cikin hadisin Dujal da Muslim ya ruwaito, inda sahabbai suka tambayi sallar yinin da zai yi tsawon shekara, aka ce su ƙaddara masa. Allah ya sauƙaƙa wa 'yan'uwanmu na can, musamman shekarun da azumi ya faɗo a Yuni, kamar 2015 da 2016, da suka riƙa kai sama da awa ashirin da ɗaya. Ku ci gaba da zancen dawakinku.

Damagaram_Hoto:
Mu koma ga tambayar mai tambaya. Ni ina ganin haske rabin magana ne. Ko da Allah ya ba mu awa bakwai ɗin nan a Damagaram, ina za ka samu garken dawaki sake a fili? Namu ingarmu ne, kowane a turkensa, an ɗaure shi da dabaibayi, gabansa harawa da dusa. Ka saki biyu wuri ɗaya ka ga faɗa. Goɗiyoyi suna ƙauye, kuma da damana duk fili gona ne, wa zai bar doki ya shiga hatsin mutane? Su can fili ne ba iyaka, ba itace ma sosai, ba turakun lantarki, ba leda. Ni duk hoton da na ɗauka bayan gari sai na goge baƙar leda goma daga cikin ƙaya.

'Yar_Mambila:
@Damagaram_Hoto ka zo Gembu ka gani. A tsaunin Mambila muna sama da mita 1,500, tuddai ne kore shar ba iyaka, kuma za ka ga dawakin Fulani sake suna kiwo kusa da shanu, ba sirdi. Ranar da na fara ganin hotunan Ayislan ɗin nan, gida na tuna. Gaskiya hasken namu ba ya jira, mu ma rana faɗuwar guga take yi kamar yadda Malam ya ce, har ma mun fi ku kusa da tsakiyar duniya. Amma da safe hazo yana kwanciya a cikin kwari, rana ta fito ta bayansa, doki ya tsaya a kan tudu shi kaɗai. Ban taɓa ganin wanda ya zo musamman don ya ɗauki wannan ba, kuma abin yana damuna. Masu kyamara duk suna Kano da Zariya suna jiran Sallah.

MaiHoton_Dala:
Hajiya wannan magana ta shige ni. Wane wata ya fi?

'Yar_Mambila:
Ƙarshen damina, wajen Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Ciyawa ba ta bushe ba, ruwa ya fara sauƙi, hanyar hawa tsaunin ma ta fi daɗin bi.

Zazzau_Kilisa:
Ni kuma ban yarda a ce hasken yammarmu ba shi da abin yi ba. Su suna da ƙura? Hawan Daushe da yamma ake yinsa, bayan la'asar. Ka tsaya inda rana ke fuskantarka lokacin da aka sako sukuwa, ƙurar da kofato ya tayar ta zama zinariya, mahaya su fito daga cikinta da masu a ɗage. Wannan ba za ka same shi a Ayislan ba ko ka shekara. Ba banza UNESCO ta sa hawan Kano cikin kayan gadon duniya a Disambar 2024 ba.

Bakatsine_Foto:
Gaskiya ne, amma wannan hoton hawa ne. Shi yana maganar hoton ƙasa ne da doki a cikinta. Aiki biyu ne daban. A na farko kana cika hoton da doki, a na biyu dokin ƙarami ne, wataƙila kashi ɗaya cikin goma, sauran sama ce da tudu. Mu hannunmu ya saba da matsowa kusa saboda mai doki ne ke biya, kuma fuskarsa yake son gani.

Malamin_Jogirafi:
Ƙari a kan batun ƙura. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo yana cinye rana tun tana sama, ta zama farin faifai, ta ɓace kafin ta kai ƙasa. Ba inuwa, ba ƙyallin geza. Wanda ke neman haske mai kama da na arewacin duniya, damina zai jira, ranar da aka yi ruwa da rana aka ɗauke, iska ta wanku. Wannan tsabtar iskar tana cikin abin da ke sa hotunansu fitowa tar, dutsen da ke nesa ka gan shi kamar ka taɓa.

Bakatsine_Foto:
Wannan na shaida shi. Agustan bara, a wata fadama kudu da Katsina, an yi ruwa da azahar aka ɗauke wajen biyar. Wani yaro ya kawo akawal yana wanke shi a bakin ruwa. Gabas baƙi ƙirin da hadarin da ya wuce, yamma kuma ta buɗe. Rana ta leƙo ta ƙarƙashin girgije, ta daki jikin dokin yana jiƙe, baƙin nan ya koma kamar tagulla, gero a bayansa kore, sama a bayan geron kamar shuni. Dokin ya girgiza, ruwa ya tashi, kowane ɗigo ya kama wuta. Na duba lokacin a kyamara daga baya: daga hoton farko zuwa na ƙarshe minti goma sha ɗaya. Wannan hoton ban ƙara masa komai ba, kuma shi ne a bangon shagona.

MaiHoton_Dala:
Malam Bakatsine, kai da ka ce duk gyara ne, ga shi ka kawo hujjar da ta fi ta kowa.

Bakatsine_Foto:
Na faɗa, kuma har yanzu ina cewa rabin na intanet gyara ne. Amma wanda ya taɓa ganin na gaske ba ya mantawa.

Alhaji_Na_Barga:
Tunda minti goma kuke da shi, ku saurara in ba ku abin da na sani, don na ga masu hoto da yawa suna ɓata lokacinsu da na doki. Kada ka kawo doki wurin da bai sani ba a lokacin da kake son ɗauka. Ka kai shi tun la'asar, ya shinshina, ya yi tumami, ya ci ciyawa, hankalinsa ya kwanta. Ka kalli kunnensa. Idan ya kwantar da su baya, ransa a ɓace yake, ka ja da baya, kuma hoton ba zai yi kyau ba. Idan kana son ya ɗaga kai ya miƙe kunne, sa yaro ya tsaya can nesa ya kaɗa ƙwarya da ɗan hatsi a ciki, sau ɗaya, ba a yi ta yi ba. Kada ka bi ta bayansa a durƙushe. Kuma a goge shi sosai kafin a fito, don jikin da ya sha goga shi ke karɓar haske. Kili yana ɗaukar jan rana fiye da kowane, amma shi ne mai saurin ƙonewa a hoto, haka ɗana yake cewa.

Baƙo_A_Arewa:
Baba, abin da ka faɗa na kunne, ko a can haka yake. Kuma ka tuna mini da kuskuren da na yi, bari in faɗa don wani ya amfana. A dare na biyu na miƙa wa wata goɗiya guntun burodi don ta juyo. Ashe mai gonar yana tafe a mota. Ya tsaya, bai ɗaga murya ba, amma ya nuna mini ransa bai so ba. Ya ce baƙi suna koya wa dawakinsa cizo da bin hannu, kuma abincin da ba su saba ba yana ɓata musu ciki. Na ba shi haƙuri, na ji nauyi ƙwarai, don ni ma ba zan so baƙo ya shiga bargar gidanmu ya ba doki abin da ya ga dama ba. Duk mai niyyar zuwa ya kiyaye: kada ka ba su abinci, kada ka tsallaka shinge ba izini, kada ka tsayar da mota a tsakiyar titi, kada ka sauka daga hanya da mota don doka ta hana, kuma ƙaramin jirgin nan mai kyamara yana firgita su.

Ummu_Haidar:
Wani shuɗin fure da nake gani a gaban dawakin a hotuna da yawa fa, shuka shi suke yi?

Baƙo_A_Arewa:
Lupin sunansa, Hajiya. Ba ɗan ƙasar ba ne, daga Alaska aka kawo shi a 1945 don ya riƙe ƙasa saboda zaizaya, sai ya bazu ya wuce inda aka so. A Yuni da farkon Yuli yake fure. Masu hoto suna sonsa, amma 'yan ƙasar sun rabu biyu a kansa, don yana danne tsirran asali.

Damagaram_Hoto:
Ni dai har yanzu ina ganin in ba a saki dokin ba, hoton ba zai yi rai ba. Doki da igiya a wuya, ko ka goge igiyar a kwamfuta, tsayuwarsa tana nuna a ɗaure yake.

Alhaji_Na_Barga:
Wannan gaskiya ne ɗana. Ingarma ba zan sake shi ba. Amma ina da wani abokina a ƙauye ta wajen Bichi, yana da goɗiya hurde da ɗanta na wata huɗu. Goɗiya in an sa mata dogon dabaibayi ba ta nisa, ɗan kuwa ba ya rabuwa da uwa, kuma shi ba igiya a jikinsa. Bayan gidansa akwai makiyaya da wata tsohuwar kuka. In MaiHoto yana so, sai in yi masa magana.

MaiHoton_Dala:
Baba ina so, Allah ya saka da alheri. Zan zo tun azahar in ga inda rana za ta faɗi, in zaɓi wurin tsayawa, in saita komai kafin lokaci. Yaya Baƙo, kukar nan in sa ta a gefe ɗaya da rana ko a ɗaya gefen? Kuma in minti goma ne kawai, in fara da na nesa ko da na kusa?

Baƙo_A_Arewa:
Ni da na nesa zan fara tun rana na da ɗan tsawo, inuwa ta fito a ƙasa, in bar na geza sai ƙarshe lokacin da ta kusa taɓa ƙasa. Kukar kuwa sai na ga wurin. Ka ɗauko shi da waya ka turo kafin ranar.

Zazzau_Kilisa:
Akasin haka zan yi. Na kusa tukuna, don duƙushi ba ya tsayawa, in haske ya ragu ba za ka iya daskarar da shi ba. Na nesa ko bayan faɗuwar rana yana yiwuwa, su fito baƙi a jikin jan sama.

Alhaji_Na_Barga:
Ku dai ku shirya tsakaninku. Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu, in ba a yi ruwa da yamma ba. Ka zo da takalmin da ba ka jin tausayinsa, wurin akwai laka, kuma mu yi magariba a can kafin mu kamo hanya.